Tatsuniyar Hantsi ta Kaka Tsahara

A gidanmu ba a tatsuniya da rana. Wanda ya yi, ko ya zauna ya saurara, ɓata zai yi, ya fita ya kasa gane hanyar gida. Haka muka tashi muka ji, kuma daga bakin Kaka Tsahara muka fara ji. In wani cikinmu ya matsa mata da hantsi, "Kaka, yi muna gatana," don haka muke kiran tatsuniya a wajenmu, sai ta ɗaga mazarin kaɗinta kamar za ta kwaɗa masa a ka, ta ce, "Tashi nan, ɗan nema! So kake a yi shelarka a kasuwar Konni? Bari rana ta hwaɗi." Ba mu taɓa tambayar dalili ba, kuma ban ji wani babba ya taɓa tambaya ba.

Kaka Tsahara ita ta haifi Innarmu. Allah bai ba ta ɗa namiji ba, shi ya sa da mijinta ya rasu Babanmu ya ɗauko ta daga Bazaga, ya gina mata ɗaki a gidanmu, wani ƙauye kusa da Tsarnawa, ba nisa da babbar hanya. Baba dako yake yi a wajen siminti a Malbaza, sai ranar hutu yake dawowa da gashin idonsa fari fat, Kaka ta ce masa, "Sannu da zuwa, tsoho, kai da ni ban san wa ya girmi wani ba." Ni ce 'yar fari, don haka Inna ba ta sakar mini fuska, ko sunana ba ta faɗa. A ɗakin Kaka nake kwana, ita ke mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo. Ƙawata take ce mini in muna shiri, in mun ɓata kuwa sai ta ce "Rabi mai bakin ganga".

In an gama girbi, sanyi ya shigo, aka ci tuwo aka yi isha, sai yaran unguwa su fara leƙowa ta danga. Dokar Kaka ɗaya ce: kowa ya zo da karan dawarsa. Wanda ya zo hannu rabbana sai ya koma ya samo, ko ɗan wa ne. Da karan nan ake hura wuta a ƙofar ɗakinta, a binne gyaɗa a toka, wani lokaci dankali. Can nesa muna hango fitilun manyan motocin siminti suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, amma da Kaka ta gyara zama ta ce, "Gatan gatanku," mu kuma muka haɗa baki muka ce, "Ta zo mu ji ta," ba wanda ke ƙara waiwayar hanya. Wallahi har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a toka sai ƙirjina ya yi nauyi.

Tana da tatsuniyoyi ba iyaka, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta yarinyar da ta tafi ɗebo wuta. Kaka ba ta ba yarinyar suna tsayayye ba. Duk wanda ya fi surutu ranar, sunansa take liƙa mata, kuma ba sai na faɗa ba, yawanci Rabi ce.

Wai an yi wani gari da ruwa ya yi ta zuba har wutar kowane murhu ta mutu. Ka san in wutar gida ta mutu maƙwabta ake shiga a ɗebo, to wannan karo maƙwabtan ma toka gare su. Aka ce sai an je bayan dutse wurin wata tsohuwa da wutarta ba ta mutuwa. Manya suka noƙe, sai aka tura yarinyar nan mai surutu, don mutane su huta da bakinta. Ta je ta gaida tsohuwa, tsohuwa ta sa mata garwashi guda a tsingaron tukunya. A nan Kaka kan ƙanƙance murya, ta ɗaga yatsa: "Ɗiyata, wagga wuta ba ta cin itace sai ta isa gida. A hanya magana take ci. In kinka yi shiru, ita ma ta yi shiru."

Yarinya ta kamo hanya tana ba garwashi labari. Ta faɗa masa sunan kowa a garinsu, da mai rowa da mai kyauta, da akuyar da ta haifi uku. Da labari ya ƙare sai ta koma waƙa, mu kuma mu amsa muna tafi:

"Wuta, wuta, kada ki kwana,
ga zancen garinmu.
Wuta, wuta, buɗe ido,
tuwo na jiran ki."

Kura ta tare ta ta ce, "Ke da wa kike magana?" Ba ta kula ta ba. Ɓarayin daji suka tare ta, suka ji tana zance ita kaɗai, suka ce wannan ba mutum ba ce, suka zura da gudu. Sai da ta iso wata rijiya inda 'yan mata tsaranta ke ɗibar ruwa. Suka dube ta, suka fashe da dariya: "Ku zo ku ga mahaukaciya tana hira da tsingaro!" Abin da kura ta kasa, dariyar tsara ta yi. Yarinya ta kama bakinta, ta yi sauran tafiyar shiru. Da ta iso ƙofar gari ta duba, ba komai sai toka. Ta zauna ta fasa kuka.

To akwai wani makaho da ke zama a ƙofar garin, bai ma san an aike ta ba. Ya ji kuka ya ce, "Wa ke nan? Daga ina? Mi kinka gani a hanya?" Tana shessheƙa ta ce ta ga kura. Ya ce, "Sai mi?" Ta ce ta ga ɓarayi. Ya ce, "Sai mi?" Yana tambaya tana faɗa, yana tambaya tana faɗa, ashe a ƙarƙashin tokar akwai saura kamar ƙwayar gero. A daidai nan Kaka kan sunkuya ta hura wutarmu, kara ya kama bal, mu yi ihu kamar ba mu taɓa gani ba. Gari ya sami wuta, aka ɗora tukwane. Sai ta karkaɗe zaninta ta ce, "Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Wanda barci bai sace ba shi naɗe mini tabarma."

Mu a lokacin abin da muka ɗauka shi ne kada ka bari dariyar mutane ta hana ka aikinka. Inna kuwa cewa take ba wani darasi ciki, Kaka ce kawai ke ɗaure wa surutuna gindi.

Ban gama ƙaramar lakwal ba, wato makarantar firamare, abin ya fara. Kaka ta sa gishiri a miya, ta juya ta sake sawa. Ta nemi carbinta har ta zargi ƙanena, aka same shi cikin ƙwaryar gari. Kunnenta ma ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, kuma mutum in ya maimaita magana sau biyu ya gaji, sai ya bar ta. Da daddare ta kama tatsuniya, ta tura yarinya bayan dutse, sai ga ta ta dawo da ita cikin wata tatsuniyar daban. Mu yi ta dariya, "Kaka, ba nan ba ne!" Ita ma ta yi dariya ta ce mu muka ruɗa ta da hayaniya. Manya suka ce gigin tsufa ne, kowa ya daɗe zai gani.

Daga nan sai yamma ta zame mata abin tsoro. Da rana ta yi ja, awaki suka fara shigowa, sai Kaka ta tashi tsaye ta hau ɗaure ƙunshin kayanta. "Zan tahi gida. Innata na jirana, ban ɗebo ruwa ba." Innar tata kuwa ta rasu tun kafin a haifi tawa Innar. A zaunar da ita, ta tashi. A karɓe ƙunshin, ta ɗaura wani. In an hura wuta yara sun taru sai ta dube su ɗaya-ɗaya kamar baƙi. Amma in gari ya waye, ta yi salla, ta sha koko, sai ka rantse ba ita ba ce jiya. Ta san kowa, ta san ranar kasuwa, har ta tsokani Baba.

Wata ranar da ba lakwal, da hantsi, Inna ta tafi rijiya. Muna wasan 'yar carafke a gindin itacen bedi sai muka ji Kaka daga ƙofar ɗakinta: "Gatan gatanku." Muka dubi juna. Ga rana a sama, inuwa ko gajarta ba ta gama yi ba! Na ce, "Kaka, ai rana ce." Ta ce, "Ƙawata, zo ki zamna. Yanzu take nan. In na bari sai dare, ba ni ganin ta." Ban gane abin da take nufi ba, amma kwaɗayi ya fi tsoro ƙarfi. Muka matsa, muka amsa da ƙaramar murya. Ranar ta yi mana ta yarinya mai wuta daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko kura ba, har da wasu baitoci na waƙar da ban taɓa ji ba. Idonta na ƙyalli. Haka muka riƙa yi a sace, duk sanda Inna ta fita.

Ba a daɗe ba Kaka ta ɓata. Da magariba ne, kowa na alwala, ta saɓi ƙunshinta ta bi ta bayan danga. Kafin a ankara duhu ya rufe sawunta. Maza suka bazu cikin gonaki da fitilu, aka aika Malbaza a gaya wa Baba. Inna ta fita ba ɗankwali tana kiran "Iya! Iya!" har muryarta ta dushe. Ban taɓa ganin Inna ta yi kuka ba sai ranar.

Washegari da azahar sai ga amalanken jaki a ƙofar gida, Kaka zaune a kai, da wata Bafulatana mai tallar nono riƙe da ita. A bayan rugarsu suka tsince ta da asuba, wajen hanyar Bazaga, ƙafafunta duk ƙaya, zaninta ya yage. Matar ta ce da farko ba ta san ko sunanta ba, amma da rana ta ɗago, ta sha nono, sai ta faɗi sunan ƙauyenmu da na surukinta tiryan-tiryan. Sannan baiwar Allah nan, don ta kwantar mana da hankali, ta ƙara da cewa, "Tsohuwar nan akwai daɗin baki. Tun hantsi take yi ma ɗiyana gatana, sun hana ta tashi."

Matan unguwa suka dubi juna. Ƙanena, da bai san wainar da ake toyawa ba, ya ce, "Ai mu ma kullum tana yi muna da rana." Shi ke nan, magana ta ƙare. Wata ta tafa hannu ta ce, "Ai ga ta nan! Ruwa ba ya tsami banza." Wata ta ce a gode Allah da ba ta tafi da yaran ba. Inna kuwa tana zaune da allura tana cire ƙaya daga tafin ƙafar uwarta. Da ta gama sai ta tara mu ta ce, "Daga yau, duk wanda Iya ta kira da rana don gatana, shi tashi shi bar wurin. Wanda ya amsa mata, ni da shi." Ba mugunta ba ce, na rantse. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake. So take ta tsare uwarta, ta tsare mu.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa, kuma shi ne ba ya barina. Da hantsi Kaka ta fito ta shimfiɗa tabarma, ta gyara zama, ta ce, "Gatan gatanku." Mu watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Ta sake faɗa, da ƙarfi, tana zaton kunnenta ne bai ji amsar ba. Shiru, sai ƙarar taɓaryar Inna a bayan zana. Ta ce, "Ƙawata? Ina kike?" Ina bayan rumbu, ina jin ta, tsoron ɓata ya riƙe ni, don ni ma na yarda da abin har zuciyata. Daga baya sai ta riƙa amsa wa kanta, "Ta zo mu ji ta," da siririyar murya irin ta yara, ta yi wa awaki da ke ɗaure a turke. Maƙwabta suka ce abin ya yi nisa, aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi.

Inna kuma, don ta biya ta, ita da kanta take hura wuta bayan isha, ta aika a kira yaran unguwa, ta zaunar da Kaka a tsakiya ta ce, "To Iya, ga dare ya yi. Yi musu." Kaka ta dube mu, ta dubi wutar, ta ce, "Ɗiyan wa ne waɗanga? Ina ƙunshina?" Mu zauna da karan dawarmu a hannu muna jira, har gyaɗa ta ƙone. A hankali yaran suka daina zuwa. Da rana tana da tatsuniya ba mai ji, da dare ga masu ji ba tatsuniya, kuma duk gidan ba wanda ya tsaya ya haɗa biyun.

Wata safiya Kaka ta fito ta zauna ba ta ce komai ba. Matan unguwa suka ce Alhamdu lillahi, rubutu ya ci. Daga ranar maganarta ta riƙa raguwa, daga gaisuwa zuwa gyaɗa kai, har ya zama ko sunana aka faɗa ba ta juyowa. Ta yi damina biyu a haka. Kuma fitar magariba ba ta daina ba, sai da aka riƙa ɗaure ƙyauren da igiya. Ta rasu ina shirin tafiya babbar lakwal a Konni, ni na riƙe mata ludayin kunu na ƙarshe, ba ta san wace ce ke ba ta ba.

Yanzu ni malamar lakwal ce a Illela, da 'ya'yana, har da jika. Baba ya rasu, Inna tana wurina. Bara na fara ganin abin da na sani: gishiri sau biyu, carbi cikin kwanon gari, tambaya ɗaya a maimaita kafin a sauke tukunya. Da ma tana da hawan jini da ba ta yarda ta sha maganinsa sai kanta ya sara, sai na fake da wannan na kai ta asibiti a Konni.

Likitar yarinya ce, daga yammacin ƙasa aka turo ta, Hausarta ta kasuwa, tana mai da mace namiji. Amma tana da haƙuri. Bayan ta auna jini sai ta ce wa Inna ta riƙe mata kalmomi, rijiya da tabarma da jaki, za ta tambaye ta an jima. Inna ta harare ni ta ce, "Wagga ɗiya lakwal za ta sa ni?" Aka tambaye ta wane wata ake ciki, ta ce na azumin tsofaffi, kuma daidai ne. Aka ce ta lissafo dabbobin da ake kaiwa kasuwa, ta kawo kaɗan ta tsaya. Da aka dawo kan kalmomin sai jaki kawai ta samu. Ta gyara mayafi ta ce ita ba ta zo nan a yi mata wasan yara ba. Na ga kunya a idonta, na kau da kai.

Likita ta ja ni gefe. Ta ce wannan ba tsufa ne kawai ba, don ba kowane tsoho ke yin sa ba, kuma ba iska ba ne, ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Ta ce masu bincike a ƙasashe da dama sun daɗe suna bin tsofaffi shekara da shekaru don su ga wa yake kamawa, kuma sun lura akwai abubuwan da ke buɗe masa ƙofa: hawan jinin da aka ƙyale, ciwon suga, nauyin kunne, da zaman kaɗaici, mutum ya wuni ba mai ce masa kanzil. Maganin warkewa dai babu tukuna. Amma a kula da jinin, a duba kunnen, kuma kada a bar ta shiru. "Ki nemi lokacin da kanta yake sarari," in ji ta, "yawanci da safe ne. Ki tambaye shi abin da can, na ƙuruciya, shi ne ke daɗewa bai goge ba. Da yawansu in rana za ta faɗi sai su ruɗe, su ce za su gida. A nan ne suke fita su ɓata, sai ki sa ido."

Sai na zauna a benci. Da magariba Kaka ta ɓata. Da hantsi ta gane kanta, a tsakiyar tatsuniya, har ta faɗi hanyar gida. Abin yana gabanmu ƙiri-ƙiri, Bafulatanar nan ta faɗa mana da bakinta, muka ji shi a juye. Na ba likita labarin duka, ina yi ina share hawaye da bakin mayafi kamar ba malama ba. Na ce, "Da mun bar ta tana yi, da ta warke?" Ta girgiza kai. Ta ce ba za ta yi mini ƙarya ba, ciwon da zai ci gaba ko an yi ko ba a yi ba, kuma ba wanda zai iya cewa ga yawan abin da hira za ta jinkirta. "Amma da ba ta zauna shi kaɗai ba," ta ce. Wannan kalma ta fi mini ciwo da a ce ta zage ni.

A mota muna komawa, Inna na gyangyaɗi a kafaɗata, na yi ta juya tatsuniyar nan. Shekara da shekaru ina zaton labarin yarinya ne da dariyar tsara, har na sha yi wa 'yan ajina ita da wannan fassara. Ban taɓa kula da makahon ba. Bai san komai game da wuta ba, bai taka ko'ina ba, tambaya kawai ya yi ya jira amsa. Aikin da ya rage mana ke nan a kan Kaka, aikin da yaro ma zai iya, kuma shi ne aka hana mu saboda ƙauna. Rashin sani ya fi dare duhu. Na ji haushin matan unguwa, na ji haushin Inna, na ji haushin Kaka ma da ta koya mana dokar da aka ɗaure ta da ita. Kafin mu kai Illela haushin ya huce, ya bar ni da baƙin ciki tsagwaronsa.

Na ƙudura ba za a maimaita ba. Inna ta san tatsuniyoyin Kaka duka, a kansu ta girma, kunyar 'yar fari ce ta hana ta yi mana. Da safe bayan ta sha magani na ce, "Inna, yi ma yaran nan gatana mana." Ta dubi rana, ta dube ni. "Yanzu? Kin haukace?" Na ce ai camfi ne, likita ta ce kaza da kaza. Bakin nan nawa da ba ya shiru, na yi ta zuba kamar ina gaban allo. Ta bari na gama, ta ce, "Camhi? Likitarki ce ta cire ƙaya daga ƙahwar Iya, ko ni?" Na buɗe baki in ce mata dokarta ce ta rufe bakin Kaka, sai na haɗiye. Me zan samu in na ɗora wa tsohuwa wannan kaya, ita da ke neman manta sunan jikokinta? Muka bari sai dare. Da dare kuwa ta fara abin da nake tsoro, tana laluben takalmanta tana tambayar wa ya rufe awaki, mu da ba mu da ko akuya.

Na yi kwanaki ina saƙawa ina kwancewa, ga safiya na wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowace da abin da take tafiya da shi. Sai wata Lahadi da hantsi na rufe ƙofar ɗakinta, na rataya bargo a taga, na toshe ƙasan ƙyaure da tsumma. Na kawo garwashi a kasko na ajiye a tsakar ɗaki, na zuba gyaɗa a gefensa. Na kira autana da jikata na ce su zauna, kada wanda ya yi dariya. Ɗakin ya yi duhu ba laifi, sai dai maƙwabciya na daka, mai tallar ƙosai na kira a waje, zakara kuma na cara kamar an biya shi. Na ce, "Inna, dare ya yi. Ga yara."

Ta daɗe tana kallon garwashin. Ta ɗaga kai ta dubi wani siririn haske da ya ɓullo ta gefen bargon, ta dube ni. Na ji kunya ta rufe ni, mace da jika ina yi wa uwata wayon yara.

Ta ce, "Ke, kanwa nika mantawa a miya, ba rana ba. Na san ba ta hwaɗi ba."

Na miƙe zan cire bargon. Ta ce, "Bar shi." Ta jawo jikata ta zaunar da ita jikin gwiwarta, sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Duk sanda Iya ta kira, ina bayan zana ina jin ta. Ba dakan komi nike ba, turmin wohi ne. Don kada bakina shi amsa."

Gyaɗa ta fara fashewa a kasko.

"In na ɓata," ta ce, "ki nemo ni."

Na ce, "Zan nemo ki, Inna."

Ta gyara zama, ta share maƙogwaro. "To ku amsa da ƙarhi, kunnena ba shi da kyau. Gatan gatanku."

Muka amsa har mai dakan nan ta tsaya.